Allurar Sitem Sel Don Ciwon Gwiwa: Kada A Sayar Da Gona Tukuna

Ciwon gwiwa yana cikin abubuwan da suka fi kawo dattawa asibiti. Tsoho ya kasa tsugunno. Tsohuwa ba ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Manomin da a da yake nome gonarsa shi kaɗai, yanzu kunya biyu ke zaunar da shi. Mutane suna ce wa ciwon sanyi, likitoci kuma suna ce masa amosanin gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da shi a duniya, kuma mata sun fi maza yawa.

Mai wannan ciwo ya gaji. Ya sha ƙwaya, ya sha jiƙo, an yi masa ƙaho, ciwo yana nan. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ana cikin haka sai ga sabon labari yana yawo a salula, a WhatsApp da Facebook, da kuma bakin ƴaƴanmu da ke birni. Wai akwai wata allura, sitem sel, wadda ake yi a cikin gwiwa, guringuntsin da ya cinye ya sake tsirowa. Ana tallar asibitocin Indiya da Dubai da Turkiyya. Ana kuma sayar da wani gari a ƴar leda mai wannan suna.

Ga ra'ayina tun daga farko. Wannan allura har yanzu abin gwaji ce. Ba a tabbatar tana mayar da guringuntsin tsoho ba. Bai kamata a sayar da gona ko saniya ko hatsin shekara dominta ba, kuma bai kamata dangi ko jama'ar wurin ibada su haɗa gudummawa a kanta ba. Ga dalilaina, ku auna da kanku.

Abin da ya lalace a gwiwa

Ƙasusuwa uku ne ke haɗuwa a gwiwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani farin abu mai santsi a bakin ƙashi, wurin gaɓa. Shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, kamar ƙwayar dawa. Shi ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da gugar juna ba.

Idan wuƙa ta yanke ka, fata takan haɗe. Idan ƙashi ya karye, ana ɗora shi ya kama. Jini ne ke kawo kayan gyara a duka biyun. Shi guringuntsi jini ba ya ratsa shi, shi ya sa idan ya cinye ba ya komawa. Tun a shekarar 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya gyaruwa, kuma likitoci suna ta neman hanyar gyara shi tun lokacin.

Ku riƙe wani abu kuma, domin za mu dawo kansa. Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Zafin da kuke ji yana fitowa daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da fatar cikin gaɓa idan ta kumbura, da naman da ke kewaye. Saboda haka ciwo yana iya sauƙi ko guringuntsi bai ƙaru da komai ba.

Lalacewar iri biyu ce. Akwai ta saurayin da ya faɗi daga babur ko ya ji rauni a ƙwallo, wani ɗan wuri ya ɓantare, saura duk lafiya. Wannan kamar daɓe ne mai kyau da wuri ɗaya ya fashe, ana iya cike shi. Akwai kuma ta tsufa, inda duk gaɓar ta cinye, ƙashi ya yi tsiro a gefe, wani lokaci ƙafa ta karkace. Wannan daɓe ne da ya zaizaye ko'ina, ƙasar ƙarƙashinsa ma ta zauna. Yawancin masu karanta wannan ɗan littafi iri na biyu ke damunsu.

Mene ne sitem sel?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Yawancinsu sun riga sun kama aikinsu: ta fata fata ce, ta ƙashi ƙashi ce. Amma akwai wasu da ba su kama aiki ba tukuna, kamar yaron da ba a sa shi sana'a ba. Su ne sitem sel. A Hausa bari mu ce musu ƙwayoyin tushe. Ana samun su a ɓargo, a kitse, da kuma igiyar cibiyar jariri.

Ƙwayoyin tushe gaskiya ne, kuma suna ceton rai. Dashen ɓargo da ake yi wa masu kansar jini da wasu masu sikila, aikinsu ne. A shekarar 2011 aka yi irin wannan dashe ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a Nijeriya. Amma waɗancan ƙwayoyi ne masu yin jini, aka mayar da su ɓargo, inda suka saba aiki. Nasarar da aka samu a jini ba shaida ce a kan gwiwa ba.

A ɗakin bincike, cikin kwalba, masana suna iya juya wasu ƙwayoyin tushe su zama guringuntsi. Daga nan fatan ya taso. Sai dai gwiwar mai rai daban take da kwalba. Tana lanƙwashewa, tana ɗaukar nauyi, tana da kumburi. Yawancin ƙwayoyin da aka zuba a ciki ba sa daɗewa. Masana da yawa yanzu suna ganin cewa in ma akwai amfani, daga wasu sinadarai ne da ƙwayoyin ke fitarwa masu kwantar da kumburi na ɗan lokaci. Ban da haka, a cikin ɓargon da ake zuƙowa daga ƙugun mutum, irin ƙwayar da ake nema ɗaya ce cikin 10,000, ko ma cikin 100,000. A jikin tsoho sun fi ƙaranci.

Abin da gwaji ya nuna

Ba a sanin magani da bakin mai sayarwa. Ana raba marasa lafiya kashi-kashi, a yi wa wasu sabon magani, a yi wa wasu tsohon, sannan a kwatanta. An yi haka da wannan allura.

A shekarar 2023 mujallar Nature Medicine ta buga wani babban gwaji da likitocin Jami'ar Emory ta Amurka suka jagoranta. Mutum 480 masu amosanin gwiwa aka raba kashi huɗu. Kashi na farko aka yi musu allurar ƙwayoyi daga ɓargonsu, na biyu daga kitsensu, na uku daga igiyar cibiya. Kashi na huɗu aka yi musu tsohuwar allurar kashe kumburi, kotizon, wadda ke da araha. Bayan wata 12, babu ko ɗaya cikin allurai ukun nan masu tsada da ta fi kotizon rage ciwo. Da aka duba gwiwoyin da babban injin hoto mai nuna guringuntsi, ba a ga wani canji na a zo a gani ba.

A shekarar 2025 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tara gwaje-gwajen duniya ta tace su, ta duba gwaji 25 na mutum 1,341. Ta ce mai yiwuwa allurar tana ɗan rage ciwo, tana ɗan sauƙaƙa tafiya, amma shaidar ba ta da ƙarfi. Babu ko ɗaya cikin gwaje-gwajen da ya nuna da hoton ƙashi cewa lalacewar gaɓar ta tsaya.

Tun 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara da babbar murya cewa kada a yi wannan allura don amosanin gwiwa. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ba ta amince da wata allurar ƙwayoyin tushe don wannan ciwo ba. Duk da haka asibitocin kuɗi suna yin ta. Wani bincike na 2018 ya gano cewa allura ɗaya a can takan kai dalar Amurka 5,000, wato kusan sefa miliyan uku.

Inda aka samu ci gaba

Adalci ne a faɗi inda aka dace. A shekarar 1994 likitoci a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin suka ba da rahoton mutum 23 da suka yi wa wani aiki. Sun ɗebi ɗan guringuntsi daga gwiwar mutum, suka rena ƙwayoyinsa a ɗakin bincike na wasu makonni, sannan suka sake buɗe gwiwar suka cike ramin da su. Ana yin irin wannan aiki har yau, kuma yana taimakon matasa masu rami ɗaya. Aikin fiɗa ne sau biyu, da watanni na dogara sanda da motsa ƙafa. Ba a yi wa gaɓar da ta cinye ko'ina.

A shekarar 2012 ƙasar Koriya ta Kudu ta amince da wani magani mai suna Cartistem, daga ƙwayoyin tushe na jinin cibiya. Shi ma likitan fiɗa ne ke shiga gwiwa ya zuba shi a cikin ramin. Masu talla sukan kawo labarin Suwidin da na Koriya, sannan su miƙo maka allurar rabin awa kamar abu ɗaya ne. Akwai nisa tsakaninsu.

Bincike yana ci gaba, kuma mai yiwuwa jikokinmu su ga ranar da za a gyara gwiwar tsoho. Amma wanda aka gwada sabon magani a jikinsa, bisa ƙa'ida ana yi masa bayani, ya sa hannu, a bi lafiyarsa. Idan an karɓi miliyoyinka don abin da ba a tabbatar ba, ciniki aka yi da kai.

"Ai wane ya yi, ya ji sauƙi"

Wannan ita ce maganar da ta fi jan mutane, kuma ban ce wane ya yi ƙarya ba. Amma ku tuna abubuwa kaɗan. Ciwon gwiwa yana tashi yana kwanciya. Mutum yakan nemi magani ranar da ciwo ya kai maƙura, kuma bayan irin wannan rana sau da yawa sauƙi ke biyo baya ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanda ya yi tafiya don allura ya bar noma da ɗaukar kaya na makonni, gwiwa ta huta. Sannan gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa ko ruwan gishiri na asibiti aka yi wa mutum allurarsa a gwiwa, yana zaton magani ne, yakan ji sauƙi na watanni. Ga kuma abin da muka faɗa a baya: sauƙin ciwo ba ya nuna guringuntsi ya tsiro.

Bidiyon da kuke gani a salula, mai sayarwa ne ya zaɓi wanda zai yi magana a ciki. Wanda ya dawo da ciwonsa da bashi a kansa ba a ɗaukar hotonsa, shi ma kunya takan hana shi faɗa.

"In bai yi amfani ba, ai ba zai cuce ni ba"

Zai iya. Gaɓa wuri ne rufaffe, kuma ƙwayar cuta in ta shiga tana iya cinye sauran guringuntsin cikin ƴan kwanaki. A shekarar 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 a jihohin Texas da Florida da Arizona da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar kayan jinin cibiya. Wasu a gwiwa aka yi musu, wasu a gadon baya. An sami ƙwayoyin cuta irin na hanji har a cikin kwalaben da ba a buɗe ba. A 2017 kuma an buga labarin mata uku a Florida da ganinsu ya lalace bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitse a ido. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da masu sa ido a kan magani, ku yi tunanin wanda aka yi wa allura a wata ƙasa, ya dawo ƙauye, gwiwa ta kumbura bayan kwana biyar. Wa zai koma wa?

Cuta ta biyu ita ce ta dukiya. Gonar da aka sayar ba ta dawowa. Kuɗin da zai isa a yi wa tsoho magani na shekaru, a biya wa jikoki makaranta, a sayi hatsin bazara, ya tafi a yini ɗaya.

Garin ƴar leda

Shi kuma garin da ake sayarwa hannu da hannu da sunan sitem sel, wanda ake zubawa ƙarƙashin harshe, masu shi da kansu suna cewa daga tuffa da inabi aka samo shi. Ƙwayar itace ba ta zama guringuntsin mutum. Ƙwayar da aka busar ta zama gari ta riga ta mutu, kuma abin da aka haɗiye ciki ne ke narkar da shi kamar tuwo. Idan an ce maka magani ɗaya yana warkar da gwiwa da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, kuma za ka samu riba in ka kawo wasu masu saye, ka san kasuwa ce. Babban haɗarin shi ne mutum ya ajiye maganin sugansa ko na hawan jininsa saboda wannan gari. Kada ku yi haka.

To, me za a yi?

Abin da aka tabbatar yana taimako ba shi da tsada, sai dai yana son naci.

Na farko, ƙarfafa naman cinya. Shi ke riƙe gwiwa. Ka kwanta a tabarma, ka lanƙwashe ƙafa ɗaya, ka miƙe mai ciwon sosai, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Ka yi sau goma safe da yamma, kowace ƙafa. Ka kuma zauna a kujera, ka miƙe gwiwa, ka riƙe, ka sauke. Sai an yi makonni shida zuwa takwas ake fara jin bambanci. Tafiya a ƙasa mai laushi kullum tana da kyau. Zama wuri ɗaya yana sa gaɓa ta sandare, nama ya saki.

Na biyu, rage nauyi. Kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A wani gwaji na 2013 a Amurka, na mutum 454 masu ƙiba, waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki na wata 18 ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Wanda ba shi da ƙiba kada ya rage abinci. Nauyin da zai rage shi ne tulu da damin itace da buhu. A ɗora wa jaki ko amalanke, yara su kama.

Na uku, a sauƙaƙa wa gwiwa. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. A rage dogon tsugunno. A samar wa tsohuwa kujera mai tsayi a madafa, a kuma yi wa tsoho mazauni mai rami a bayan gida. Wanda durƙuso ke wahalar da shi wurin ibada ya zauna a kujera. Ruwan ɗumi a tsumma yana kwantar da gaɓa da safe.

Na huɗu, magani bisa shawarar likita. Man shafawa na diklofenak ya fi ƙwayarsa aminci ga tsoho. Ƙwayoyin diklofenak da ibufurofen, in an daɗe ana sha, suna kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, kuma suna tayar da hawan jini. Ƙwayoyin da masu tallar magani ke haɗawa a leda sau da yawa akwai desametazon a ciki, mai kumbura fuska, mai tayar da suga, mai raunana ƙashi. Taramol kuma yana kama mutum ya kasa bari. Allurar kotizon a gwiwa tana ba da sauƙi na makonni, amma ba a yawaita ta. A wani gwaji na 2017, na mutum 140, waɗanda aka yi wa ita kowane wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi a kan waɗanda aka yi wa ruwan gishiri. Tsaga da sakiya a kan gwiwa suna buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

Na biyar, idan ciwo ya hana barci da tafiya duk da an yi waɗannan, a ga likitan ƙashi. Akwai aikin miƙar da ƙafar da ta karkace, akwai kuma aikin sa gwiwar ƙarfe da roba. Yana da tsada, amma an san abin da yake yi. Wani babban nazari na 2019 ya nuna cewa kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. In har dangi za su tara kuɗi mai yawa, a nan ya fi dacewa su tara.

Kada a jira gobe

Ba kowane ciwon gwiwa ne na tsufa ba. A kawo mutum asibiti a ranar idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi. Haka kuma idan yaro ne ya ƙi taka ƙafa, ko mai sikila ne, ko an faɗi kuma ƙafa ta kasa ɗaukar jiki. Gwiwar da ta daɗe a kumbure tare da rama da gumin dare tana iya zama tarin fuka na gaɓa, kuma wannan yana da magani.

Kafin ku ba da kuɗi

Idan wani ya kawo muku tayin allurar ƙwayoyin tushe, ku yi masa waɗannan tambayoyi. Wace hukumar magani ce ta amince da ita don ciwon gwiwa, ina takardar? Daga ina aka samo ƙwayoyin, wa ya gwada cewa ba su da cuta? Wane gwaji ne ya nuna ta fi allurar da muka sani? In gwiwa ta kumbura bayan mun koma gida, wa zai duba, wa zai biya? Mai gaskiya zai amsa a fili. Mai ce muku ku yi sauri kafin farashi ya tashi, ku rabu da shi.

Ƴaƴan da ke son taimakon iyayensu, Allah ya yi muku albarka. Ku kawo su a duba gwiwar, a san irin ciwon. Ku saya musu sanda da kujera, ku ɗauke musu kaya, ku tuna musu motsa ƙafa safe da yamma. Ku zo da takardar tallar ko saƙon salular, mu karanta tare kafin a taɓa gona ko garke.